Neman Aikin Amsa Kiran Waya: Abin da Muka Gani a Hanya

Jawabin da 'yan'uwanmu masu aiki a cibiyoyin amsa kira suka gabatar a taron zumuntar matasa

  An roƙe mu mu yi magana a kan yadda ake neman aiki a cibiyar amsa kira, watau wurin nan da kake bugawa in katin wayarka ya ƙi shiga, ko kuwa na'urar banki ta cire kuɗi a asusunka ba ta ba ka ko kwabo ba. Mu da muke tsaye a gabanku mun zauna a kujerar mai ɗaukar wannan kira. Waɗansunmu sun sami aikin a gwaji na fari, waɗansu kuwa sai da suka faɗi sau biyu ko uku. Mun zauna mun haɗa abin da kowa ya gani, shi ne za mu faɗa muku yau, har da wuraren da muka ji kunya.

Iyayenmu za su tuna lokacin da ba a san wannan sana'a a ƙasar nan ba. A zamanin tarho na gida, in layinka ya mutu sai ka tafi ofis da ƙafarka. A watan Agusta na 2001 ne Econet da MTN suka soma aiki a Nijeriya, Glo ya biyo baya a 2003, Etisalat kuma a 2008. Da masu waya suka yi yawa, sai ya zama dole a ajiye mutanen da aikinsu ke nan, amsa kuka dare da rana. Tun 2023 lambar kiran cibiyar ta zama ɗaya a dukan layuka, watau 300. Yanzu kuwa abin ya wuce kamfanonin waya. Bankuna suna da nasu, haka kamfanonin rarraba wutar lantarki, da masu tashoshin tauraron ɗan adam irin su DStv, da masu hada-hadar kuɗi ta waya irin su OPay da Moniepoint. Akwai ma kamfanonin da suke amsa kira a madadin waɗansu kamfanoni, har na ƙasashen waje, kamar Outsource Global da yake da ofis a Abuja da Kaduna.

Kafin mu shiga matakan, akwai abu guda da muke so ku riƙe. Duk gwajin da za a yi muku, daga takarda har zuwa intabiyu, tambaya ɗaya ce ake juyawa: ko wannan mutum zai iya sauraron baƙon da ransa ya ɓaci, ya gane abin da yake damunsa, ya faɗa masa gaskiya cikin mintoci kaɗan, shi kuwa bai hasala ba? Mun ga mai digiri mai kyau ya faɗi a nan, mai difloma ya wuce.

Mataki na fari shi ne talla da takardar nema. Yawancin tallan yanzu a intanet ake sa shi, a shafin kamfanin ko a shafukan neman aiki. Takardar tarihin karatunku da ayyukanku, wadda ake kira CV, kada ta wuce shafi ɗaya ko biyu. Ku rubuta harsunan da kuke ji a sama inda ido zai fara sauka, gama a wannan aiki harshe jari ne. In kun taɓa tsaron shago, ko aikin POS, ko karɓar baƙi a asibiti, ku sa, domin duk hulɗa ce da jama'a. Adireshin imel kuma ya zama sunanku na gaskiya. Ɗaya daga cikinmu ya yi wata shida yana aika takardu da adireshin da ya buɗe tun yana sakandare, mai ɗauke da laƙabin da abokai suka sa masa a filin ƙwallo, yana mamakin shirun da ake yi masa.

A nan ne kuma 'yan damfara suke jira. Saƙo zai shigo wayarka cewa an zaɓe ka, alhali ba ka tuna ka nema ba, a ce ka biya kuɗin fom, ko na riga, ko na horo. Mu dai duk inda muka yi aiki ba a karɓi sisinmu kafin a ɗauke mu ba. Kamfanin da yake samar wa waɗansu ma'aikata ma doka ta ce sai yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In aka kira ki intabiyu a ɗakin otal, ko a wani gida da ba shi da allon suna, 'yar'uwa, kada ki tafi ke kaɗai, ki kuma gaya wa na gida inda za ki.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi kā da mutane, domin ba su san ma mataki ba ne. Wata rana baƙuwar lamba za ta kira ka. Mai kiran zai ce daga wuri kaza yake, yana so ya tabbatar da sunanka, ya ji ko kana nan kana neman aiki. Kai kana tsammani gaisuwa ce, shi kuwa alƙalami yana hannunsa. Yana jin yadda ka ɗauki waya, da ƙarfin muryarka, da ko kana bari ya gama magana. Wata a cikinmu tana cikin Keke Napep aka kira ta, ta ɗauka da "Wai wane ne?" cikin tsawa, don ta ɗauka masu talla ne. Ba a sake kiranta ba. Daga ranar da kuka aika takarda, kowace baƙuwar lamba ku ɗauke ta kamar mai ba da aiki ne. Ku gaisa, ku faɗi sunanku. In kuna cikin hayaniya, ku nemi gafara ku roƙi minti biyar ku sami wuri mai shiru, wannan ba ya rage maki. Ku kuma duba waƙar da mai kiranku yake ji kafin ku ɗauka, gama waɗansu waƙoƙin ba na neman aiki ba ne.

Bayan wannan sai jarrabawa, galibi a kwamfuta. Akwai Turanci, da ɗan lissafi na kaso cikin ɗari da ragowar kuɗi, da karanta labari a amsa tambayoyi. Ba ta da wuya ƙwarai, lokaci ne yake ƙure wa mutane. Abin da ya kunyata mu shi ne gwajin buga rubutu. Mun saba da babban yatsa a kan waya, sai ga allon kwamfuta, muna neman harafi ɗaya ɗaya kamar kaza tana tsintar dawa. A wannan aiki kuwa kunne yana ji, baki yana magana, hannu yana rubutawa, duka a lokaci guda. Wanda ba shi da kwamfuta ya je shagon intanet ko ya ari ta maƙwabci, rabin sa'a kowace rana har wata guda, zai ga bambanci.

Yanzu bari mu daɗe kaɗan a kan gwajin harshe, domin nan ne ƙofarmu take, nan ne kuma muke yin sakaci. Kamfanonin waya da bankuna sukan ba mai kira zaɓin harshe, ya danna lamba ya ji Hausa, ko Yarbanci, ko Ibo, ko Turancin Buroka. Saboda haka suna neman masu Hausa, musamman in cibiyar tana Legas ko Ibadan. Mu kuwa da yawa a cikinmu muna da Hausa da Turanci, ga kuma harshen gida, ko Tyap ne, ko Ngas, ko Tangale, ko Bura, ko Fulatanci. Amma da muka shiga ɗakin gwaji sai muka gane Hausar da muke hira da ita a unguwa ba ta isa ba. Wanda zai gwada ka zai ce ka bayyana wa tsohuwa yadda za ta duba ragowar kuɗinta ba tare da ka sa Turanci ba. Sai ka ji bakinka ya cika da "balans" da "ofshon" da "silekt". Tsohuwa ba ta san su ba.

Akwai kuma batun namiji da mace. Mu da muka tashi a Jos ko kudancin Kaduna, Hausarmu takan haɗa su, mu ce wa mace "ka zo", mu ce "mamana ya tafi". A gida ba wanda zai ɗaga kai. Amma in Hajiya ta kira daga Katsina ka ce mata "ka danna ɗaya", ta riga ta yanke hukunci a kanka da kamfanin gaba ɗaya. Mai gwaji ma yana sauraron wannan. Ku soma gyarawa tun yanzu, ku riƙa sauraron labaran rediyo da kunnen ɗalibi. Ku koyi ƙidaya irin ta manya: metan 200 ne, arbaminya 400, hamsaminya 500, "ashirin biyu babu" kuma 18. Dattijon ɗan kasuwa in ya ce jaka biyar, naira 1,000 yake nufi, gama jaka ɗaya naira 200 ce. Basakkwace zai ce zambar goma, watau dubu goma. Ku san yadda ake girmama wanda ba ka gani: ranka ya daɗe, ranki ya daɗe, Malam, Baba, Hajiya. In mai kira ya yi sallama, ku amsa masa yadda ya kamata. Mun sha ganin mai gwaji ya dubi sunan da yake kan takarda ya ɗauka Hausar ba za ta yi kauri ba. Ba mu yi gardama da shi ba, mun bar shi ya ji da kunnensa.

Sai kuma wasan kwaikwayo, wanda dukanmu muka yarda shi ne zuciyar al'amarin. Za a zaunar da kai, wani lokaci a juya maka baya ko a ba ka abin sawa a kunne, ɗaya daga cikin masu gwaji ya zama kwastoma. Zai zo da zafi. Ya sayi data jiya, yau babu. Ko ya tura kuɗin asibitin ɗansa, an cire, ba su isa ba. Zai katse ka, zai ce ku duka ɓarayi ne, zai ce a ba shi manaja. Ba a sa ran ka san dokokin kamfanin, tun da ba a koya maka ba tukuna. Ana duban abin da za ka yi da wutar da aka zuba maka.

Kuskuren da muka yi iri biyu ne. Waɗansunmu sun tsaya kāre kai, suna cewa ai ba laifinsu ba ne, ko suna gaya wa mutumin ya kwantar da hankali. Ba mu taɓa ganin wanda hankalinsa ya kwanta don an umarce shi ba. Waɗansu kuwa tsoro ya sa suka yi alkawarin abin da ba su da iko a kai: "Kada ka damu, yanzu yanzu za a mayar maka da kuɗinka." Wannan na biyun ya fi muni a wurin masu gwaji, domin alkawarin ƙarya yakan haifi kira biyar a bayansa, ya kuma iya kai ƙara gaban hukuma. Mai waya da kamfani bai biya masa bukata ba yana da lambar hukumar sadarwa ta NCC, 622, kyauta ce kuwa.

Abin da ya fisshe mu shi ne wannan. Ka bar shi ya zubar da abin da yake cikinsa, kana ɗan nuna kana ji. Sa'an nan ka ba shi haƙuri sau ɗaya, da gaske, ka maimaita masa matsalar da bakinka: "In na fahimce ka, ranka ya daɗe, ka tura naira dubu ashirin jiya da yamma, an cire a wurinka, ba su shiga can ba. Haka ne?" Yawancin mutane a nan muryarsu take sauka, gama sun ji an ji su. Daga nan ka yi tambayoyin da za su kai ka ga gyara, ka faɗi abin da za ka yi da abin da ba ya hannunka, da lokacin da zai sa ido. In ba ka san amsa ba, ka nemi izini ka bincika. Wanda ya iya sasanta faɗan ƙannensa a gida ya riga ya san rabin wannan, saura ya koyi yinsa agogo yana tafiya.

Intabiyun gaba da gaba ba shi da wani asiri. Ku je da wuri, ku sa tufafi masu tsabta, ku san abin da kamfanin yake sayarwa. In na waya ne, ku kira cibiyarsu tun kafin ranar ku ji yadda suke gaisuwa. Za a tambaye ku labarin wani lokaci da kuka yi fama da mutum mai wuyar hali. Ku ba da labari na gaskiya, ƙarami ma ya isa. Amma akwai tambaya ɗaya da ta shafe mu, ita ce, "Za ka iya aiki kowane lokaci, har dare, da ƙarshen mako, da ranakun hutu?" Cibiyoyi da yawa ba sa rufewa. Aikin karɓa-karɓa ne, jadawali kuma zai faɗa a kan Lahadi, wata shekara har da Kirsimeti. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun yini ɗaya cikin kowane kwana bakwai, amma ba ta ce Lahadi ba.

Shawararmu ita ce kowa ya yanke wannan a zuciyarsa tun a gida. Kada ka ce "zan iya" don a ɗauke ka, sa'an nan ka soma ciwon kai kowace safiyar Lahadi. An san wannan ciwon, ba ya kuma daɗewa kafin ya ci aikin mutum. Ka tambaya a fili yadda ake tsara jadawali, da ko an yarda ma'aikata su yi musanya. A wuraren da muka yi aiki, mun riƙe wa abokan aikinmu Musulmi Juma'a da ranakun Salla, su kuma suka riƙe mana Lahadi da Ista, kowa ya ji daɗi. Iyayenmu da dattawa, muna roƙonku, in ba ku ga yaro a sujadar safe ba, ku tambaye shi tukuna, watakila ya kwana yana amsa kira.

In an wuce nan sai takardu: shaidar karatu, ta hidimar ƙasa ko ta yafewa ga masu digiri, lambar NIN, gwajin asibiti, da masu tsaya maka, sau da yawa mutum biyu. Iyayen da za a kawo wa takardar tsayawa, ku karanta kafin ku sa hannu, gama waɗansu takardun suna cewa za ku biya in yaron ya jawo hasara.

Ga wurin da murna takan rufe wa mutum ido. An miƙo maka takardar ɗauka, hannunka yana rawa, kana neman inda za ka sa hannu. Dakata. Dubi sunan da yake saman takardar. Sau da yawa kamfanin da za ka riƙa ambatar sunansa a waya ba shi ne ya ɗauke ka ba, wani ɗan kwangila ne a tsakani. Wannan ba haramun ba ne, amma albashinka, da hutunka, da sallamarka duk a hannun ɗan kwangilar suke. Waɗansunmu sun yi wata uku suna gaya wa dangi suna aiki a babban kamfani kafin su gane haka. Sun taya ku gwadawa, yanzu ku ma ku gwada su. Nawa ne zai shiga hannu bayan an cire haraji da fansho? Wane kashi na albashin ne tabbatacce, wane ne sai an cika ma'auni? Ana biya a lokacin horo? Akwai mota ko wurin kwana ga wanda ya tashi tsakar dare? Wannan ta ƙarshe 'yan mata kada ku ji nauyin yinta. Kwantiragin na wata nawa ne, kuma sanarwar kwana nawa ake bayarwa kafin rabuwa?

Ku san abin da doka ta ce. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci sharuɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ba da aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Ku buɗe asusun fansho, ku kuma riƙa dubawa ko kuɗin yana shiga da gaske. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ku lissafta kuɗin mota da haya kafin ku ce to, musamman in aikin zai kai ku wani gari. Ɗaya daga cikinmu ya karɓi aiki a Legas da farin ciki, sai ya tarar kusan rabin albashin a hanya yake ƙarewa.

Ko an sa hannu ma ba a gama tankaɗe ba. Akwai horo na 'yan makonni, da jarrabawa a ƙarshensa, akan kuma sallami waɗanda ba su ci ba. Sa'an nan a zaunar da kai kusa da tsohon hannu kana saurare, kafin a ba ka layi. Ana naɗar kowane kira, ana auna tsawonsa, ana duba ko ka warware matsalar a kira ɗaya. A horon za a nanata muku batun sirri, ku ɗauke shi da nauyi. Za ku ga lambobin mutane, da adireshinsu, da abin da yake asusunsu. Ba a tambayar kwastoma lambar sirrin katinsa. Ba a duba layin saurayi ko na maƙwabci, ko da wani babba a gida ne ya roƙa, gama kwamfuta tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe. Tun 2023 akwai dokar kāre bayanan mutane a ƙasar nan, masu satar layi don kwashe kuɗin banki kuma kullum suna neman na ciki da zai buɗe musu ƙofa. Za su zo da fara'a da ɗan alheri. Mun san waɗanda aikinsu ya ƙare a nan.

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin yana da gajiya. Maƙogwaro yakan bushe, kunne yakan yi zafi, wata rana za a zage ka tun kafin ka karya kumallo a kan laifin da ba ka san lokacin da aka yi shi ba. Amma daga wannan kujera waɗansunmu suka zama shugabannin rukuni, waɗansu masu duba ingancin kira, waɗansu masu horarwa, wata kuma ta koma banki. In an gwada ku ba a ɗauka ba, ku rubuta tambayoyin da aka yi muku a daren nan kafin ku manta, domin kusan su ne za ku sake tararwa a wani wurin.

Mun zo da wayoyi biyu da takardun gwaji na Hausa da na Turanci. Bayan an tashi za mu zauna a ajin baya. Duk mai so ya zo, ɗaya daga cikinmu zai zama kwastoman da kuɗinsa suka maƙale, ku kuwa ku ɗauki kiran.